Inda Shafi Ke Kwana: Zaɓen Kamfanin Masaukin Intanet a Zangunan Accra

Kowane shafin intanet, ko na babban banki ne ko na makarantar Islamiyya mai aji uku a wani lungu na Maamobi, tarin rubutu ne da hotuna da manhaja da ke ajiye a cikin wata kwamfuta wadda ba a kashe ta dare da rana, kuma daga cikinta ne ake aika wa duk wanda ya buɗe shafin a wayarsa kwafin abin da ya nema. Irin wannan kwamfuta ita ce ake kira uwar garke, ko saba a bakin masu sana'ar, kuma da yake ba kowa ne zai iya ɗaukar nauyin wutar lantarki marar yankewa da na'urar sanyaya ɗaki da layin intanet mai ƙarfi da masu gadi ba, sai aka sami kamfanoni da ke tara dubban irin waɗannan kwamfutoci a manyan gine-gine da ake kira cibiyoyin ajiye bayanai, suna ba da hayar gurbi a cikinsu wata-wata ko shekara-shekara. Waɗannan su ne kamfanonin masauki, kuma duk wanda ya mallaki shafi yana hannun ɗaya daga cikinsu, ko ya san sunansa ko bai sani ba.

A Nima da Maamobi, unguwannin zango a Accra, masu bukatar shafi suna da yawa, bukatunsu kuma sun sha bamban: akwai 'yan kasuwar hatsi da albasa da kayan yaji waɗanda ke cika kasuwar Nima ranar Laraba, akwai teloli masu abokan ciniki a ƙasashen waje, akwai wakilan aikin hajji da umara, akwai makarantu da masallatai da ƙungiyoyin matasa waɗanda wani ɓangare na tallafinsu ke fitowa daga 'yan'uwa mazauna Bronx ko Hamburg ko Jidda. Masu iya gina shafin ma ba su yi ƙaranci ba, domin shirin Tech Needs Girls na Regina Honu, wanda ya koyar da 'yan matan Nima rubuta manhaja tare da ƙungiyar Achievers Ghana, da cibiyar ZongoVation Hub, da horon kwamfuta da aka shirya wa matasan zango bayan kafa Asusun Raya Zango da dokar 2017, duk sun fitar da yara masu hannu a wannan aiki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin mai biyan kuɗin, wato alhaji mai shago ko shugaban makaranta ko ma'ajin ƙungiya, wanda yakan miƙa kuɗi ga yaron da ya yarda da shi ba tare da ya san abin da aka saya ba, balle da sunan wa aka saya. Yawancin asarar da ake tafkawa a wannan fanni daga nan take farawa, saboda haka tambayar da ta fi kowace nauyi wajen zaɓen masauki ita ce ko mai shafin zai iya kwashe kayansa ya koma wani wuri duk ranar da ya ga dama, ba tare da ya roƙi kowa ba.

Ba kowace sana'a ce ke bukatar shafi nata na kanta ba. Mai koko da ƙosai wadda masu sayenta duk 'yan layi ne, WhatsApp ya ishe ta, kuma kuɗin masauki gara ta zuba su a jari. Amma makaranta mai karɓar takardun neman gurbi, ko ƙungiyar da ke neman tallafin wata gidauniya wadda za ta so ganin rahoton kowace shekara, ko ɗan kasuwa mai son imel da ke ɗauke da sunan kamfaninsa, bai kamata su rataya komai a dandalin da mai shi zai iya rufe musu asusu ko ya sauya ƙa'ida ba da shawararsu ba. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida, kuma a Najeriya gwamnati ta toshe Twitter daga Yuni 2021 har zuwa Janairu 2022. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Abu biyu ake biya wa kuɗi idan za a kafa shafi, kuma rashin rarrabe su shi ne tushen ruɗani. Na farko shi ne sunan shafin, wanda ake kira domen, wato adireshin da mutum ke rubutawa a burauza, mai ƙarewa da .com ko .org ko .com.gh, na biyu kuwa shi ne masaukin, inda fayilolin suke zaune. Sunan ba mallakar har abada ba ce, rajista ce da ake sabuntawa a wurin kamfanin rajista, kuma wanda aka rubuta sunansa da imel ɗinsa a rajistar shi ne mai shi a idon kamfanin, ko da wani ne ya fitar da kuɗin daga aljihunsa. Ana iya sauya masauki cikin yini ɗaya ko biyu ba tare da baƙi sun lura ba, amma suna idan ya kuɓuce, duk allon talla da rasit da katin ziyara da aka buga shi a kai sun tashi a banza, imel ɗin da ke rataye da shi ma ya mutu. A ƙa'idar hukumar ICANN, wadda ke tsara sha'anin sunaye irin su .com da .org, sunan da wa'adinsa ya ƙare har aka goge shi yana shiga wani zango na kwana 30 da mai shi zai iya fansarsa, galibi da kuɗi mai yawa, bayan haka kuma sai a sake shi ga duk wanda ya riga nema.

Yadda wannan asara ke aukuwa a unguwa sananne ne. Yaron da aka ba aikin yakan yi rajistar da imel ɗinsa da katinsa na banki, ba don mugunta ba, sai don dattijon da ya sa shi ba shi da ko ɗaya; bayan shekara ɗaya ko biyu yaron ya sami biza ya tafi, ko ya sauya lambar waya, ko wani saɓani ya shiga tsakani, saƙonnin tunatarwa kuma suna ta zuba a akwatin da ba mai buɗewa. Ranar da aka farga shafin ya ɓace, wani lokaci ma masu farautar sunayen da suka faɗi sun riga sun saye shi sun cika shi da tallan caca, abin da ya zama abin kunya ƙwarai idan sunan na masallaci ne ko na makaranta. Maganin wannan ba shi da tsada: a buɗe imel na ƙungiyar kanta, a yi rajistar suna da masauki da shi, mutum biyu ko uku daga cikin shugabanni su riƙe kalmar sirri, a kuma rubuta 'yar yarjejeniya da ke cewa mai gini ma'aikaci ne, shafin da sunansa na mai biya ne. Abin da ke hana wannan shi ne nauyin baki, domin neman takarda daga ɗan yaya ko ɗalibin malam yana kama da zargi, alhali al'ummar da ta san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ne da rubuta bashi da kafa shaidu, ba ta da dalilin jin kunyar rubutu a tsakanin 'yan'uwa. Rubutun yana kare yaron ma, don ba za a wayi gari a ɗora masa laifin abin da ba a taɓa fayyace masa ba.

Game da ƙarshen sunan, Ghana tana da nata, wato .gh, wanda tarihinsa ke haɗe da Nii Quaynor da kamfaninsa Network Computer Systems, waɗanda suka haɗa ƙasar da cikakken intanet a 1995, kuma Dokar Hada-hadar Lantarki ta 2008, mai lamba 772, ta tanadi hukumar rajistar sunayen ƙasar. Suna mai .com.gh yana shaida wa baƙo cewa kasuwancin na Ghana ne, mai .com ko .org kuwa ya fi sauƙin ɗauka daga wannan kamfanin rajista zuwa wancan. Kamfanin Verisign, mai riƙe da .com, ya mayar da abin da yake karɓa a kan kowane suna dala 10.26 a shekara a Satumba 2024, saboda haka duk wanda ya ce yana ba da sunan kyauta, shekarar farko yake nufi, kuma a cikin kuɗin masaukin zai fanshe. Ya fi aminci a yi rajistar suna a wani kamfani, masauki a wani daban, domin idan rikici ya tashi da mai masaukin ba zai riƙe duka biyun ba.

Mutanen zango ba baƙi ba ne ga irin wannan ciniki. Tun zamanin fataucin goro tsakanin Salaga da Kano, har zuwa zangunan Kumasi da Accra, falke idan ya sauka yakan nemi maigida wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi, kuma ba girman zaure ake dubawa wajen zaɓen maigida ba, abin dubawa shi ne ko kayan da aka ba shi ajiya za su fito cif-cif ranar da mai su ya nema, falken da bai gamsu ba kuma yana da damar sauka a wani gida a tafiya ta gaba. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kamfanin masauki.

Masaukin da kansa iri-iri ne. Mafi araha shi ne na tarayya, inda ɗaruruwan shafuka ke zaune a saba ɗaya suna raba ƙarfinta, kuma shi ya dace da yawancin makarantu da shaguna da ƙungiyoyi, musamman masu amfani da WordPress, manhajar kyauta da ta fito a 2003 wadda sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke gudana a kanta. Aibinsa shi ne idan maƙwabci ya cika saba da aiki, kowa zai ji a jikinsa. Sama da shi akwai VPS, inda ake yanka saba ɗaya zuwa ɓangarori masu cin gashin kansu, kowane da rabonsa na ƙwaƙwalwa da wurin ajiya, sai dai sau da yawa kula da tsaro da sabunta manhaja yana wuyan mai haya, don haka wanda ba shi da ƙwararre a kusa ya sayi wahala ne da kuɗinsa. Saba sukutum ta mutum ɗaya, da masaukin gajimare irin na Amazon da Google da Microsoft inda ake biya gwargwadon amfani, na manyan ma'aikatu ne, kuma da wuya wata ƙungiyar unguwa ta bukace su a shekarunta na farko.

Akwai kalmar da ke yawan fitowa a talla, cewa wurin ajiya ko yawan bayanan da ke fita ba su da iyaka. Babu faifan ajiya marar iyaka, kuma a cikin dogon sharaɗin da ba a cika karantawa ba kamfani yakan ƙayyade yawan fayiloli da ƙarfin injin da shafi zai ci, ya kuma haramta mayar da masaukin rumbun ajiye sauti da bidiyo. Wannan ya shafi zango kai tsaye, domin abin da masallatai da almajiran malamai suka fi son ɗorawa shi ne karatun tafsirin watan Ramadan da wa'azi da mauludi, waɗanda faifan awa ɗaya daga cikinsu ya fi rubutun shafin gaba ɗaya nauyi, kuma a daidai lokacin da jama'a suka yi caa a kansa ne kamfani ke dakatar da shafin. Hanyar da ta fi ita ce a ɗora bidiyo a YouTube, sauti a Internet Archive ko wani wurin ajiya da aka yi don haka, shafin ya riƙa nuna su kawai, asalin faifan kuma ya zauna a hannun masallacin.

Sai batun inda sabar take a doron ƙasa, wanda a nan ne ra'ayi ya fi rabuwa. Intanet ɗin Ghana yana fita duniya ne ta wayoyin zaren gilashi da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, irin su SAT-3 da ta fara aiki a 2002, da MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS da ACE na 2012. Haske yana gudu a cikin zaren da kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, duk da haka saƙo daga Accra zuwa Landan da dawowa yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, zuwa yammacin Amurka kuwa ya ninka haka, kuma da yake buɗe shafi ɗaya yana bukatar kai da kawowa sau da yawa, jinkirin yana taruwa har mai waya ya ji shi. Wannan ne ya sa masaukin Landan ko Amsterdam ko Frankfurt ya fi na Amurka dacewa da mai karatu a Nima. Masaukin Afirka ta Kudu, inda Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024, ba lallai ne ya fi na Turai sauri ba, domin hanyar da saƙo ke bi ta dogara da yarjejeniyar kamfanonin sadarwa, ba da kusanci a taswira ba.

Ranar 14 ga Maris 2024 ta nuna ɗaya fuskar lamarin. A ranar wayoyi huɗu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a tekun da ke gefen Kwaddebuwa, intanet ya durƙushe a Ghana da maƙwabtanta, kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta sanar cewa cikakken gyara zai ɗauki aƙalla mako biyar. A irin wannan rana shafin da ke Jamus yana nan lafiya, ɗan'uwa a Hamburg yana buɗe shi, amma mutumin Maamobi da aka yi shafin dominsa ba ya kai wa gare shi. Shafin da ke cikin ƙasa yana iya tsira, amma da sharaɗi: sai kamfanin masaukin yana haɗe da mahaɗar intanet ta Ghana, GIX, wadda aka buɗe a 2005 a Cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa don saƙon da ya tashi daga Accra zuwa Accra ya daina zagayawa ta Turai, sannan na'urar da ke fassara sunan shafi zuwa lambar saba, wadda ake kira DNS, ita ma ana iya cim mata daga cikin gida, kuma shafin bai jingina da haruffa ko manhajojin da yake janyowa daga waje ba. Accra tana da cibiyoyin ajiye bayanai na zamani, kamar MDXi a Appolonia, wadda ta koma hannun Equinix lokacin da ya sayi MainOne a 2022, da PAIX da Onix, ban da cibiyar gwamnati da ke ƙarƙashin hukumar NITA.

Sai dai kamfani mai ofis a Accra ba shi ne kamfani mai saba a Accra ba. Da yawa daga cikin masu sayar da masauki a ƙasar 'yan sari ne, suna kama babban gurbi a wata cibiya a Turai ko Amurka su yanka shi su sayar, kuma wannan ba aibi ba ne matuƙar sun faɗi gaskiya, don suna kawo amfani na zahiri: karɓar sidi, amsa waya, da ofishin da za a iya takawa a je, zuwa da kai kuwa ya fi aike. Abin da ya wajaba shi ne a tambaye su a rubuce sunan cibiyar da garin da take. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye a kan wannan tambaya mai sauƙi ya riga ya ba da amsa. Hukuncin ƙarshe yana komawa ga inda masu ziyara suke. Makarantar da iyayen yaranta ke Nima da Kotobabi da New Town ta fi amfana da masaukin gida mai inganci, ƙungiyar da ke neman gudummawa daga waje kuwa Turai ta fi mata, kuma dukansu za su iya rage tazarar da tashoshin rarraba kwafi irin na Cloudflare, mai tsarin kyauta da tasha a Accra, wanda ke ajiye kwafin hotuna da rubutu kusa da mai karatu.

Duk wanda ya rayu a Accra a shekarun dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta, musamman 2015, ba ya bukatar a yi masa bayanin muhimmancin tambayar wuta: janareta nawa cibiyar take da su, da batura masu riƙe aiki kafin janareta ya tashi. Alƙawarin da kamfanoni ke bayarwa da alƙaluma yana bukatar lissafi, domin kashi 99 cikin ɗari yana nufin shafi zai iya ɗaukewa na sama da kwana uku da rabi a shekara, kashi 99.9 kusan awa tara, kashi 99.99 kuwa ƙasa da awa ɗaya. Diyyar da ake biya idan an saɓa alƙawarin yawanci 'yan kwanakin masauki ne kyauta, ba ta kusa da cinikin da aka rasa.

Kuɗi shi ne inda araha ba ta ado. Farashin da ake bugawa da manyan haruffa na sabon shiga ne, sau da yawa sai an biya shekara biyu ko uku a dunƙule, kuma ranar sabuntawa yana iya ninkawa biyu ko uku, saboda haka farashin sabuntawa ne ainihin farashi. Ga mai samun kuɗinsa da sidi akwai ƙarin haɗari: a farkon 2022 dala tana kusan sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 13, wanda ke nufin masaukin dala 60 a shekara ya tashi daga kimanin sidi 360 zuwa kusan 800 ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Dokar Musayar Kuɗaɗen Waje ta 2006 da umarnin Babban Bankin Ghana sun hana sanya farashi da dala a cikin gida ba da izini ba, don haka kamfanin gida da sidi zai yi magana, sai dai shi ma da dala yake biyan hayar saba da lasisin manhaja irin su cPanel, kuma ƙarin zai iso ga abokin ciniki ko da a makare. Hanyar biya ma abin dubawa ce. Kamfanonin waje kati suke karɓa, kuma katin da wa'adinsa ya ƙare ko banki ya hana shi biyan waje yana cikin manyan dalilan faɗuwar shafuka. Na gida kuwa suna karɓar MoMo, wato biya ta asusun waya, wanda MTN ya kawo a 2009 kuma ya zama aljihun kowa a unguwa, ga shi an soke E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya, a 2025.

Kwafin ajiya shi ne abin da ba a tunawa da shi sai ranar kuka. A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke, wasu kuma suka rasa bayanansu har abada domin kwafin da suka dogara da shi yana wuri ɗaya da asalin. Wannan ya faru ne ga ɗaya daga cikin manyan kamfanonin masauki na Turai. Ya kamata a tambayi kamfani sau nawa yake ɗaukar kwafi, kwana nawa yake riƙe shi, a wane gari yake ajiye shi, da kuma ko mayar da shi yana da kuɗi. Bayan duk wannan mai shafin ya riƙa sauke nasa kwafin, na fayiloli da na rumbun bayanai, ya adana a inda kamfanin ba ya da hannu, ya kuma sa a gwada mayar da shi ko sau ɗaya, tunda kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kawai.

Ta fuskar tsaro, takardar shaidar SSL, wadda ke ɓoye abin da ke wucewa tsakanin waya da saba, ta zama dole tun da burauzar Chrome ta fara yi wa shafukan da ba su da ita tambarin rashin tsaro a Yuli 2018, kuma tunda Let's Encrypt ke ba da ita kyauta tun ƙarshen 2015, kamfanin da ke neman kuɗi dabam a kan ta talakawa ya nuna halinsa. Girman suna ba garkuwa ba ne, domin GoDaddy da kansa ya sanar a Nuwamba 2021 cewa an kutsa bayanan abokan cinikinsa na WordPress har miliyan 1.2. Nauyin ya fi yawa a kan wakilan hajji da makarantu da asibitoci masu zaman kansu, waɗanda ke karɓar hoton fasfo da lambar Ghana Card da bayanan yara: Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora musu yin rajista da Hukumar Kare Bayanai da tsare abin da suka tara, kuma ba za su kuɓuta da cewa laifin mai masauki ne ba. Abin da ya fi shi ne kada a bar irin waɗannan takardu su kwana a masaukin tarayya bayan an gama da su. Idan kutse ya auku, Hukumar Tsaron Intanet da aka kafa da dokar 2020 tana karɓar rahoto ta lamba 292.

Akwai wani ɗan gwaji da ya keɓanta da masu rubutu da Hausa da Larabci. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da rubutun Larabci da ajami, suna fita daidai ne idan rumbun bayanan yana kan tsarin UTF-8, tsohon saiti kuwa yana mayar da su alamomin tambaya, musamman lokacin ƙaura daga wannan masauki zuwa wancan. Rubuta jimla ɗaya mai waɗannan haruffa a lokacin gwaji ya isa ya tona matsalar. A sunan shafin kansa gara a tsaya ga haruffa marasa lanƙwasa, don kowace waya ta iya rubuta shi.

Jerin “kamfanoni goma mafiya kyau” da ke cika intanet ba abin dogaro ba ne sosai, domin yawancin masu rubuta su suna karɓar kamasho a kan duk wanda ya saya ta hannunsu, kuma sunaye da dama da ake jerawa kamar abokan hamayya gida ɗaya ne, kamar Bluehost da HostGator da ke ƙarƙashin Newfold Digital. Shaidar wanda ya shekara biyu da kamfani, ya ga sabuntawa ya ga matsala, ta fi ta ɗari irin waɗannan. Ana kuma iya gwada masu taimakon kamfanin tun kafin a biya, ta hanyar aika musu tambaya ta fasaha da dare ko ranar Lahadi, a ga tsawon lokacin da za su ɗauka da kuma ko amsar ta mutum ce da ya karanta tambayar. Fara da biyan wata ɗaya ko uku, ko da ya ɗan fi tsada, ya fi ɗaure kai da shekara uku a wurin da ba a sani ba.

Ita ƙaurar, idan ranarta ta zo, ba ta da wuya ga wanda ke riƙe da makullansa. Ana sauke cikakken kwafi, a ɗora a sabon masauki, a gwada, sannan a shiga wurin rajistar suna a juya shi ya fuskanci sabuwar saba, canjin da ke bazuwa cikin 'yan awoyi zuwa kwana biyu. Ana barin tsohon masaukin a buɗe na mako ɗaya ko biyu, a kuma kwashe tsofaffin saƙonnin imel, waɗanda su aka fi mantawa. Idan sunan ne za a ɗauke zuwa wani kamfanin rajista, sai an karɓi lambar izini daga tsohon, kuma ana iya hana ɗaukar sabon suna a cikin kwana 60 na farko. Tun ranar sayayya ya kamata a tambaya ko kamfani yana ba da wannan lamba da cikakken kwafi ba tare da tara ba. Sunan .com ana iya biyan rajistarsa har shekara goma gaba, kuma ƙungiyar da ke sauya shugabanni za ta iya sanya imel da kalmomin sirri da ranar sabuntawa a cikin takardun miƙa mulki, tare da littafin banki da hatimi.